Daga tagar asibitin Maamobi zuwa rumfar zaɓe: yadda kwamfuta ke yanke hukunci da "da", "ko" da "ba"

Kafin mara lafiya ya ga likita a Babban Asibitin Maamobi da ke birnin Accra, yakan fara tsayawa a tagar da ake duba katin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS. Tambayar da ake yi a wurin gajeriya ce: katin yana aiki, ko wa'adinsa ya ƙare? Idan ya ƙare, tun daga watan Disamban 2018 mutum na iya latsa *929# a wayarsa ya sabunta shi da kuɗin da ke asusunsa na waya. Cikin ƴan daƙiƙoƙi na'ura za ta faɗa masa abin da zai biya, alhali babu ma'aikacin da ya zauna ya duba takardunsa.

Abin da ya yanke wannan hukunci jimla ce da aka rubuta a cikin manhaja. Dokar inshorar lafiya ta Ghana ta shekarar 2012 ta yafe wa wasu rukunoni kuɗin shekara, ko da yake wasunsu na biyan ƙaramin kuɗin rajista. Daga cikinsu akwai yaran da ba su kai shekara 18 ba, da tsofaffin da suka haura 70, da mata masu juna biyu, da matalautan da aka tantance. Kafin na'ura ta yi aiki da wannan doka sai an mayar mata da ita jerin tambayoyi, kowace amsarta eh ko a'a, sannan a ɗaure su da ƙananan kalmomi uku: DA, KO, BA.

Irin wannan jimla ake kira jimlar Boole. Ita ce ke aiki a asusun kuɗi na waya, da mitar wutar lantarki, da na'urar tantance masu zaɓe. Masana sun shafe fiye da shekara 150 suna neman hanyoyin warware ta, da taƙaita ta, da tabbatar da cewa babu kuskure a cikinta. Sanin waɗannan hanyoyi na nuna inda na'ura ke da ƙarfi, da inda ƙaramin kuskuren rubutu zai iya rufe wa mutum ƙofar da doka ta buɗe masa.

Wane ne Boole?

An haifi George Boole a garin Lincoln na Ingila a 1815. Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, kuma mafi yawan lissafin da ya sani shi ya koyar da kansa. A 1849 ya zama farfesan lissafi a birnin Cork, a 1854 kuma ya fitar da littafin da ya sa sunansa ya shahara, The Laws of Thought. Tunaninsa shi ne: idan aka ba gaskiya lamba 1 aka ba ƙarya lamba 0, to ana iya lissafa hujja kamar yadda ake lissafa kuɗi.

Ƙa'idojin guda uku ne. Jimlar da aka haɗa da DA ba ta zama gaskiya sai dukkan sassanta sun zama gaskiya, kamar dai sau a lissafi, inda sifili ɗaya ke mayar da komai sifili. Jimlar da aka haɗa da KO tana zama gaskiya da zarar sashe ɗaya ya tabbata. Ita kuwa BA juya amsa take yi, 1 ya koma 0, 0 ya koma 1.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Zakkar kuɗi na wajaba ne idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kanta: sharuɗɗa biyu da DA ta ɗaure. Alwala kuwa tana warwarewa da faruwar ko da abu ɗaya daga cikin masu warware ta, wannan aikin KO ne. Ilimin mantiƙi ma tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa. Shehu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare wannan ilimi a musayar rubutu da ya yi da Jalaluddin al-Suyuɗi na Masar. Marubucin Ahalari, Abdurrahman al-Akhdari, shi ma yana da sanannen littafi a kan mantiƙi mai suna al-Sullam. Abin da Boole ya ƙara shi ne mayar da hujja alamomin da za a iya sarrafawa ba tare da an san ma'anarsu ba, kuma wannan ne ya buɗe wa na'ura hanya.

Yau kalmomin uku suna cikin kowane harshen rubuta manhaja. Mai amfani da Excel a Accra ko Kano yana ganinsu a matsayin AND, OR da NOT, takwaransa na Maraɗi ko Yamai mai amfani da na Faransanci kuma yana ganin ET, OU da NON.

"Ko" iri biyu ce, kuma baka na da muhimmanci

Matsala ta farko daga harshen mutane take tasowa. Idan aka tambayi baƙo a Nima da safe, "shayi ko koko?", ana nufin ya zaɓi ɗaya. Amma idan aka ce "yaro ko mai juna biyu ba sa biya", yarinya ƴar shekara 17 mai juna biyu ta shiga rukuni biyu, kuma wannan bai fitar da ita ba. KO ta kwamfuta irin ta biyun ce: ɗaya ya isa, biyu ma babu laifi. Ta farkon, mai cewa ɗaya tak, tana da nata sunan, XOR, kuma ita ce ke aiki a fitilar matakalar bene mai makunni biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Matsala ta biyu ita ce inda aka sa baka biyu. A ɗauki shagon ɗinki a Maamobi mai mitar da ake saka wa kuɗi, wanda kuma ke da janareta. Keken ɗinki zai yi aiki idan:

(kamfanin ECG ya kawo wuta DA akwai kuɗi a mita) KO an tayar da janareta.

Idan mai rubutu ya kuskure ya matsar da bakan, jimlar za ta koma:

kamfanin ECG ya kawo wuta DA (akwai kuɗi a mita KO an tayar da janareta).

Kalmomin ba su canza ba, amma jimla ta biyu na cewa janareta ba shi da amfani sai akwai wutar kamfani. Da yake sharuɗɗan uku ne, yanayin da zai iya faruwa guda takwas ne. Jimlolin biyu suna ba da amsa ɗaya a yanayi shida, sun saɓa ne a biyu kawai, wato lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta. Duk wanda ya gwada manhajar a ranakun da akwai wuta ba zai taɓa ganin kuskuren ba. Inda ba a sa baka ba, mafi yawan harsunan kwamfuta suna fara warware BA, sai DA, sannan KO, kamar yadda ake yin sau kafin tarawa.

Wannan ba matsalar masu manhaja kaɗai ba ce. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'u, sannan ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Bayan zaɓen 2023, inda Bola Tinubu bai kai kashi 25 cikin 100 a Abuja ba, lauyoyi sun yi ta muhawara a kan wannan "da". Shin Abuja sharaɗi ne mai zaman kansa, ko tana cikin jerin da ake ƙirgawa? A ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tsaya a kan fassara ta biyu. A harshen Boole, alƙalan sun faɗi inda bakan yake ne.

Yadda na'ura ke warware jimla

Kwamfuta ba ta karanta jimla daga hagu zuwa dama kamar mutum. Takan fara mayar da ita siffar bishiya: kalmar da ta ɗaure jimlar baki ɗaya ita ce gindi, ƙananan kalmomin haɗi su ne rassa, tambayoyin eh ko a'a kuma su ne ganyaye. A misalin shagon ɗinki, KO ce gindi, reshe ɗaya janareta ne, ɗaya reshen kuma DA ce mai ɗauke da wutar kamfani da kuɗin mita. Ana cika ganyayen da 1 ko 0, sai amsar ta riƙa gangarowa har ta iso gindi. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin tsara jimla zuwa wannan siffa Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ne ya bayyana ta a 1961.

Akwai kuma dabarar yanke hanya. Idan sashen farko na jimlar DA ya zama ƙarya, babu buƙatar duba saura, domin amsa ta riga ta fito. Haka idan sashen farko na jimlar KO ya zama gaskiya. Shi ya sa masu rubuta manhaja ke sa tambaya mai sauƙi a gaba, su bar mai tsada a baya, misali wadda sai an nemo amsarta daga wani rumbun bayanai ta intanet. Dabarar tana zama kariya ma. A jimlar da ke cewa "adadin mutane ba sifili ba ne DA kason kowa ya wuce sidi 50", sashen farko ne ke hana na'ura raba kuɗi da sifili, abin da zai tsayar da manhajar. Idan aka sauya musu wuri, a takarda ma'anar ɗaya ce, a cikin na'ura kuwa ɗaya na aiki ɗaya na faɗuwa.

Hanyar da ta fi kowace tabbas wajen gane jimla ita ce jadawalin gaskiya, wanda Ludwig Wittgenstein da Emil Post suka yaɗa a 1921, kowa ta nasa ɓangaren. Ana jera dukkan yanayin da zai yiwu, layi bayan layi, a rubuta amsar kowanne. Idan jimloli biyu suka ba da amsa ɗaya a kowane layi, to jimla ɗaya ce da aka yi wa tufafi biyu.

Juya jimla: wa aka bari a waje?

A zangunan Accra, batun takardun shaidar ɗan ƙasa ba abin wasa ba ne. Iyalai da yawa a Nima da Maamobi kakanninsu sun zo ne daga arewacin Ghana, ko Najeriya, Nijar, Burkina Faso, Mali da Togo, kuma dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba. Shi ya sa sharuɗɗan rajistar zaɓe ke da kyau a duba su da idon lissafi.

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba da ƴancin zaɓe ga ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa sama mai cikakken hankali. A rajistar 2020, Hukumar Zaɓe ta nemi fasfo, ko Ghana Card, ko kuma mutum biyu masu rajista su tsaya wa mai nema. A sauƙaƙe, jimlar ita ce:

ɗan ƙasa DA ya kai 18 DA mai hankali DA (fasfo KO Ghana Card KO (shaida na ɗaya DA shaida na biyu)).

Wannan ta faɗi wanda za a karɓa. Don a san wanda za a mayar, sai a juya jimlar da ƙa'idojin Augustus De Morgan, abokin Boole kuma masanin lissafi a Landan. Ƙa'idar ta ce idan BA ta shiga cikin baka, kowace DA takan koma KO, kowace KO takan koma DA, kowane sharaɗi kuma ya juye. Sakamakon: za a mayar da wanda ba ɗan ƙasa ba, KO bai kai 18 ba, KO ba shi da cikakken hankali, KO kuma wanda ba shi da fasfo DA ba shi da Ghana Card DA ya rasa aƙalla shaida ɗaya. Sashen ƙarshen nan ne wurin lura, domin ɗan ƙasa na haƙiƙa zai iya faɗawa cikinsa.

Jadawalin wannan jimla yana da layi 128, saboda sharuɗɗan bakwai ne, kuma 13 ne kawai ke ba da eh. A 2023 Hukumar Zaɓe ta nemi a mayar da Ghana Card ita kaɗai ce shaida, majalisar dokoki ba ta amince ba. Da an amince, layukan eh da sun ragu daga 13 zuwa 8. Jadawalin ba ya faɗin yawan mutanen da ke cikin kowane layi, wannan aikin ƙidaya ne, amma yana nuna ainihin su wane ne layuka biyar ɗin da za su fita: marasa Ghana Card da suka dogara da fasfo ko shaidu. An taɓa cire irin wannan reshe a baya. A 2014, a shari'ar Abu Ramadan, Kotun Ƙolin Ghana ta ce katin NHIS ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ne, aka fitar da shi daga jerin takardun rajista.

Taken zaɓen Ghana na 2012, mai cewa ba tantancewa ba zaɓe, shi ma jimlar Boole ce. Ma'anarsa duk wanda ya jefa ƙuri'a an tantance yatsansa. Da na'urori suka ƙi aiki a wasu rumfuna a ranar 7 ga Disamba, jimlar ba ta da wani reshe na KO da za a bi, sai da aka ci gaba da zaɓen washegari.

Me ya sa ake taƙaita jimla?

Fiye da shekara 70 bayan rasuwar Boole a 1864, aikinsa ya kasance na masana falsafa da lissafi. A 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki suna bin ƙa'idojin Boole sak. Makunni biyu a jere a kan waya ɗaya DA ce, domin sai an kunna duka biyun wuta za ta wuce. Makunni biyu a kan wayoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa KO ce. Injiniya Akira Nakashima na Japan ya kai ga makamancin wannan a daidai waɗannan shekaru.

Daga nan taƙaita jimla ya zama batun kuɗi, domin kowace kalma da aka rage kayan aiki ne aka rage. Misali, "(namiji DA bai kai 18 ba) KO (BA namiji ba DA bai kai 18 ba)" daidai take da "bai kai 18 ba" kawai. Tambayoyi huɗu sun koma ɗaya. A cikin ɗan guntun silikon da ke tafiyar da wayar hannu, inda ake da biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira tiransisto, irin wannan ragi na nufin ƙarancin zafi da daɗewar batir.

A 1953 Maurice Karnaugh na cibiyar Bell ya fito da taswirar da ake zana jadawalin gaskiya a cikin gidaje kamar na dara, a zagaye gidajen 1 da ke maƙwabtaka, a karanto gajeriyar jimla daga cikinsu. Tana da daɗin aiki idan sharuɗɗa ba su wuce huɗu zuwa shida ba. Willard Quine a 1952 da Edward McCluskey a 1956 sun tsara matakan da kwamfuta za ta bi ta yi wannan aiki da kanta, sai dai lokacin da take ɗauka na hauhawa da sauri. A shekarun 1980 masana a IBM da jami'ar Berkeley suka samar da manhajar Espresso, wadda ba ta alkawarin samo mafi gajartar jimla, amma tana samo mai kusa da ita cikin lokaci kaɗan. Tun a 1913 ma Henry Sheffer ya nuna cewa ana iya gina DA, KO da BA daga kalma ɗaya tak, kuma kwamfutar da ta jagoranci kumbon Apollo zuwa duniyar wata da ƙofar lantarki iri ɗaya aka gina sashen lissafinta.

Inda lissafin ke fin ƙarfin na'ura

Raunin jadawalin gaskiya shi ne kowane sabon sharaɗi na ninka layukansa. Sharuɗɗa 10 na ba da layi 1,024. Sharuɗɗa 20 na ba da 1,048,576. Na'urar da ke duba layi biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe kimanin shekara 36 a kan sharuɗɗa 60, idan suka kai 70 kuwa sai ta haura shekara dubu 37. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Manhajar banki ko ƙwaƙwalwar waya kuwa sharuɗɗansu dubbai ne.

Babbar tambayar da ke ƙarƙashin wannan ita ce: idan aka ba da jimla, akwai wata hanyar cika ta da 1 da 0 da za ta sa ta zama gaskiya? Masana na kiran wannan matsala SAT. A 1971 Stephen Cook na jami'ar Toronto ya tabbatar da cewa duk wanda ya samo hanya mai sauri ta warware SAT a kowane hali, ya warware ɗimbin wasu matsaloli masu wuya a lokaci guda. Leonid Levin ya kai ga irin wannan sakamako a Tarayyar Sobiyet. Har yau ba a san ko akwai wannan hanya ba, kuma tun shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya ba da amsa.

Duk da haka ana warware manyan jimloli kullum, saboda na'ura ba ta bin layuka ɗaya bayan ɗaya. A ƙaddara wata makaranta a Maamobi na son tsara darasin kwamfuta ga aji uku, kowanne ko da safe ko da yamma. Aji na ɗaya dole da safe, saboda yaran na zuwa Islamiyya da yamma. Aji na ɗaya da na biyu malaminsu ɗaya, ba za su haɗu ba. Aji na biyu da na uku ɗakinsu ɗaya, su ma ba za su haɗu ba. Sharaɗin farko ya tilasta safe, wannan ya tura aji na biyu yamma, shi kuma ya dawo da aji na uku safe. An samu amsa ba tare da an gwada yanayi takwas ba. Da za a ƙara cewa aji na ɗaya da na uku ma ba za su haɗu ba, nan take na'urar za ta ci karo da saɓani ta ce babu tsarin da zai yiwu.

Wannan ita ce zuciyar hanyar da Martin Davis da Hilary Putnam suka fara a 1960, aka inganta ta a 1962 tare da George Logemann da Donald Loveland: a bi abin da ya zama tilas, inda babu tilas a yi zato, idan zaton ya kai ga saɓani a koma baya. A 1996 João Marques-Silva da Karem Sakallah suka ƙara mata koyo daga kuskure. Duk lokacin da na'ura ta ci karo da saɓani, takan gano musabbabinsa ta rubuta shi a matsayin sabon sharaɗi, don kada ta sake bin wannan hanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manhajojin Chaff na 2001 da MiniSat na 2003 sun ɗora a kan wannan, har aka kai ga warware jimloli masu sharuɗɗa dubban ɗaruruwa.

Wata hanyar ita ce ta Randal Bryant na jami'ar Carnegie Mellon a 1986. Ana mayar da jimla zanen tambayoyi a jere, kowace da hanya biyu, sannan a haɗe duk rassan da ke kaiwa ga sakamako iri ɗaya, a share tambayar da amsarta ba ta canza komai. Idan aka tsayar da jerin tambayoyin, kowace jimla zane ɗaya tak gare ta, don haka gane ko jimloli biyu ɗaya ne ya zama kwatanta zane biyu.

Kamfanoni ba su ɗauki waɗannan hanyoyi da wasa ba. A 1994 an gano kuskure a yadda ƙwaƙwalwar Pentium ta kamfanin Intel ke raba wasu lambobi, kuma sauya wa masu saye ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Bayan haka masana'antar ta ƙara dogaro da tabbatarwa ta lissafi maimakon gwaji kaɗai. A 2016 kuma Marijn Heule, Oliver Kullmann da Victor Marek suka yi amfani da manhajar SAT suka warware tsohuwar tambaya: za a iya raba lambobi gida biyu ta yadda babu wasu uku irin 3, 4 da 5, masu cika ƙa'idar Pythagoras, da za su faɗa gida ɗaya? Amsar ita ce ana iyawa daga 1 zuwa 7,824, amma da zarar an ƙara 7,825 ba zai yiwu ba. Hujjar ta cika ma'ajiya mai girman terabayit kusan 200.

Amsa ta uku: ba a sani ba

Lissafin Boole ya san eh da a'a kawai, rayuwa kuwa tana da amsa ta uku. A ƙaddara wata dattijuwa da aka haifa a ƙauye ba a rubuta ranar haihuwarta ba, gurbin ya zauna fanko a rumbun bayanai. Shin ta haura 70? Harshen SQL, wanda mafi yawan rumbunan bayanai na duniya ke amfani da shi, yana amsa irin wannan da "ba a sani ba", bisa tsari mai amsa uku irin wanda Stephen Kleene ya bayyana a 1938. A wannan tsari, juya "ba a sani ba" na ba da "ba a sani ba".

Illar hakan ita ce idan aka nemi jerin waɗanda suka haura 70, dattijuwar ba ta ciki. Idan aka nemi jerin waɗanda ba su haura 70 ba, nan ma ba ta ciki, domin na'urar tana fito da layukan da amsarsu ta zama eh ne kawai. Babu saƙon kuskure da zai bayyana, jerin biyu za su fito tsaf, ita kuwa ta ɓace a tsakaninsu. Maganin a hannun mai rubuta manhajar yake: ya ƙara reshen da ke cewa idan gurbin fanko ne, a tura batun ga ma'aikaci. Babu manhajar SAT da za ta tuna masa da wannan, domin aikinta shi ne tabbatar da jimlar da aka ba ta. Ko jimlar ta dace da doka da halin mutane, wannan tambaya ce ta ɗan Adam.

Wa ke rubuta sharuɗɗan?

Shi ya sa yake da muhimmanci a samu ƴaƴan zango cikin masu rubutun. Wanda ya tashi a gidan da kakarsa ba ta san shekarar haihuwarta ba, ko aka rubuta sunan mahaifinsa Mohammed a wata takarda, Mahama a wata, zai fi saurin hango layin da wani zai manta. Shirin Tech Needs Girls na Regina Honu, wadda ta kafa kamfanin Soronko, ya koyar da ƴan matan Nima rubuta manhaja, kuma manhajar karatun da Ghana ta fara aiki da ita a 2019 ta sa darasin kwamfuta tun daga aji huɗu na firamare. Rashin na'urori ya kasance cikas, kamar yadda hoton malam Richard Appiah Akoto ya nuna wa duniya a 2018, lokacin da ya zana shafin Microsoft Word da alli a kan allo a wata makaranta ta yankin Ashanti. Sai dai jadawalin gaskiya, da ƙa'idojin De Morgan, da taswirar Karnaugh duk ana iya koyar da su da alli da allo, ko ranar da babu wuta.

Ga wanda ba mai rubuta manhaja ba, ko ɗan jarida ne ko mai unguwa ko ɗan majalisar gunduma, tambayoyi uku sun isa a duk lokacin da hukuma ta fito da sabon tsari na na'ura. Waɗanne sharuɗɗa ne dole a cika su duka, waɗanne ne ɗaya ya wadatar? Idan aka juya jimlar, su wa suka rage a waje? Me ke faruwa idan gurbi ya zauna fanko?

Doka ma ta ba da abin riƙo. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012 ta ba mutum ƴancin ganin bayanan da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure, da neman a sake duba hukuncin da na'ura ita kaɗai ta yanke masa. Nijar ta yi tata dokar kare bayanai a 2017, Najeriya kuma a 2023. Don haka wanda na'ura ta ce wa a'a a tagar asibiti ko wurin rajista yana da damar tambayar wane sharaɗi ne bai cika ba, da kuma abin da aka rubuta a gurbinsa.